Wayar da Baba Zai Tafi da Ita Makka

Shafi na 17

Na ga saƙonnin waɗanda suka ce na daɗe ban saka ci gaba ba. Ku yi haƙuri. Wannan shafin bai zo mini da sauƙi ba.

*

Jibi ne za a duba lafiyar maniyyata aikin Hajji a Kurfi. Yaya Zaharaddin, babbanmu da ke aiki a Kaduna, shi ya biya wa Baba kujera, kuma tun ranar da ya biya ya kafa sharaɗi guda a gaban kowa: idan aka sami wata matsala a jikin Baba, ko ƙarama ce, ba zai bar shi ya shiga wannan cunkoson shi kaɗai ba. Za a ɗage tafiyar a fara neman magani.

Abin da ya rage cikin shiri shi ne waya. Yaya ya ce in zaɓi wadda ta dace, sauran shi zai ji da shi. Baba ya ce a'a, da ƙafarsa zai je.

Saboda haka na ɗauko shi a babur daga Wurma. Tun daga ƙofar gida har cikin Dutsin-Ma hannunsa yana kan kafaɗata. Da muka sauka ma bai ɗauke ba, sai da na zaunar da shi a kan benci a shagon Badaruddeen.

Tare muka yi jami'a da Badaruddeen, aji ɗaya. Shi ya buɗe shagon waya, ni kuma har yau ina jiran a kira ni aiki. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, sannan ya miƙe yana murmushi.

"Alhajin gobe. Baba, ni tsarabata haƙorin Makka ce. Ko ɗaya ne a kawo mini, zan sa a dasa."

"Ka bari ka je da kanka a dasa maka," in ji Baba. "Na aro ba ya zama a baki."

"To, a taya mu addu'a. Ina 'yar tsohuwar taka? Mu yi mata ritaya."

Baba ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda lambobinta suka goge saboda daɗewa. Badaruddeen ya juya ta a hannu ya ce wannan ai ta girmi shagonsa. Sannan ya ɗauko kwali biyu ya buɗe a kan teburin gilas.

Ta farko mai launin toka ce, mai kauri, tana da ɗan nauyi. Ta biyun shuɗiya ce, siririya, bayanta yana sheƙi, da idon kyamara uku a jere.

Ni na riga na gama zaɓe tun a gida. Na yi mako ina karanta bayanan wayoyi, domin ba ni da wani aikin da ya fi wannan.

"Baba, mai tokar nan ita ce taka," na ce. "Batirinta yana kwana ya wuni. An ce a Mina wurin caji sai an yi layi, ba ka da ƙarfin wannan. Sifikarta tana da ƙara, ko cikin hayaniya za ka ji an kira. Ga ta da kauri, idan ta faɗi ba za ta fashe nan take ba."

"Gaskiya ne," in ji Badaruddeen. "Shuɗiyar ta 'yan gayu ce. Santsi gare ta kamar sabulu. Idan gumi ya jiƙa hannu, sai dai a ji ta a ƙasa."

Baba ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce:

"Wacce ta fi ɗaukar hoto?"

Na dube shi. Mutumin da ranar bikin kammala karatuna ya ƙi tsayawa a ɗauke mu, ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Hotonsa ɗaya na sani a duniya, na fasfo.

"Baba, ibada za ka je yi. Kira kawai muke so mu riƙa samu."

"Na ji. Wacce ta fi ɗaukar hoto?"

"Shuɗiyar," in ji Badaruddeen. "Nesa ba kusa ba. Ko fitila ta yi ƙasa tana fito da mutum. Amma kada in cika ku da baki, bari ku gani da idonku. Mas'ud, matsa kusa da Baba."

Na matsa. Ya ɗauke mu da mai tokar, ya ɗauke mu da shuɗiyar. Yana shirin miƙa wa Baba sai wata mata ta leƙo tana tambayar caja mai faɗin baki. Ya juya ya ba ta amsa, suka ɗan ja magana, sannan ya miƙa wa Baba shuɗiyar ba tare da ya duba ba.

A wannan ɗan tsakanin fuskar wayar ta mutu. Na ga lokacin da hasken ya ɗauke.

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ya ɗan karkata kai kamar mai nazari.

"Masha Allah," ya ce. "Wagga ta fito da mu sarai. Dubi Mas'udu har da murmushi."

Ban yi murmushi a hoton ba. Babu ma hoton. Baƙin gilas ne a gabansa, babu abin da ke cikinsa sai inuwar fankar da ke juyawa a sama.

Badaruddeen ya gani. Ya dube ni, ni kuma na dubi teburin.

"Bari in karɓo mata riga a shagon maƙwabcina," ya ce. "Nawa sun ƙare."

Rigunan waya suna rataye a bayansa, jere-jere har rufi. Ya fita ya ja ƙofar.

Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Na san a irin wannan wurin ɗa yakan ji tsoro, ko kuka ya taso masa. Babu abin da ya zo. Ina jin ƙarar fanka, ina jin wani a shagon gefe yana gwada sautin kira ɗaya bayan ɗaya. Na lura ledar da ke manne a fuskar wayar ta ɗan ɗago a kusurwa.

"Baba."

"Na'am."

"Wayar a kashe take."

Bai razana ba. Ya sauke hannunsa a hankali, ya ɗora wayar a cinyarsa, ya rufe ta da tafinsa.

"Yaron ya fita?"

"Ya fita."

"To."

Da na sake magana, muryata ta fito daidai, kamar ina tambayar hanya.

"Tun yaushe?"

"Idon hagu tun kafin ka gama makaranta. Na dama bara da kaka ya fara bin sahu."

"Babur ɗin da ka daina hawa, ka ce gwiwa ce."

"Gwiwar ma tana ciwo. Ban yi ƙarya ba."

"Da karatun da ka koma yi da ka, ba ka buɗe Alƙur'ani. Har liman ya yaba maka a gaban jama'a."

"Ai da ma na hardace. Lalaci ne ya sa nake dubawa."

Ya faɗi haka da ɗan murmushi, yana jiran in taya shi. Ban iya ba.

"Wa ya sani?"

"Innarku. Ita ke aje mini takalmi wuri ɗaya, buta wuri ɗaya. Idan baƙo ya yi sallama sai ta ambaci sunansa da ƙarfi daga cikin gida, kamar maraba take yi mishi. Hanyar masallaci kuwa ƙafata ta san ta tun ba a haife ka ba."

"Asibiti fa?"

"Ranar da na ce muku zan je ta'aziyya Katsina. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba ni na ɗigawa, don wanda ya rage ya daɗe."

"Shi ne ba ka gaya wa Yaya ba."

"Ka ji abin da yayanku ya ce ranar."

Baba ba ya kiran sunan Yaya, domin shi ne ɗan fari. Ko a wannan maganar bai kira ba.

"Na ji," na ce. "Kuma gaskiya ya faɗa. Masu ido biyu ma suna ɓacewa a can. Wurin jifa fa? Wurin ɗawafi? Wa zai riƙe ka?"

"Malam Ja'afar maƙwabcinmu jirginmu ɗaya. Gefen haraminsa zan kama."

"Ya sani?"

"Zai sani idan jirgi ya tashi."

"Baba, wannan ba abin wasa ba ne."

"Ka taɓa ganin na yi wasa da kai?"

Ban taɓa gani ba.

"Idan aka ɗage," na ce, "Yaya zai kai ka Kano, ko Kaduna. Baɗi sai a biya wa mutum biyu, wani ya raka ka."

"Baɗi." Ya maimaita kalmar a hankali. "Mas'udu, tsaya in faɗa maka abin da ya rage mini. Fuskarka ban gan ta ba. Na san kana nan, wani duhu-duhu ne mai tsawo a gefena. Rubutu babu, launi babu. Amma idan abu babba ne, kuma baƙi ne a tsakiyar fari, ina gane shi. Na gwada da rumbu da tsakar rana. Na gwada da saniyar Gwaggonku a cikin farin yashi."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Ɗakin Allah baƙi ne. Mutanen da ke kewaye da shi farare ne. Wanga zan iya gani bana. Baɗi ban sani ba."

Mai gwada sauti a shagon gefe ya tsaya a kan guda ɗaya, ya bar shi yana ta maimaitawa. Na zauna ina saurarensa. Na tuna cewa na yi shekara huɗu ina karanta yadda haske yake shiga abu ya fita, kuma a wannan lokacin ilimin yana nan a kaina, a shirye, ba shi da inda zai dafa.

"To hoton na mene ne," na ce, "tunda ba za ka gan shi ba?"

"Na Innarku ne. Mun yi da ita zan ɗauko komai. Duk inda na ji mutane sun tsaya suna kabbara, zan ɗaga in ɗauka. Idan na dawo ta zauna ta duba, ta faɗa mini abin da na tsaya a gabansa. Shi ya sa nake son wadda ba ta ɓoye komai. Mai tokar taka ta riƙe batirinta."

"Idan wani abu ya same ka a can?"

"Idan can aka rubuta mini, ai ban yi asara ba."

"Mu fa?"

Ya laluba har ya sami gwiwata, ya dafa.

"Waɗanda suka je duba lafiyar nan bara sun ce jini ake aunawa, a tambaye ka ko kana da wani ciwo. Abin da nake so gare ka kaɗan ne. Jibi ka tsaya kusa da ni. Ka nuna mini ƙofa, ka nuna mini kujera, yadda babu mai lura. Idan aka miƙo takarda ka ɗora yatsana inda ya kamata. Ban taɓa roƙon ka komai ba."

Wannan ma gaskiya ne. Ko da na gama karatu na zauna babu aiki, bai taɓa ce mini in dawo gona ba.

Ban ce masa eh ba, ban ce masa a'a ba. Na ga hannuna ya ɗauki shuɗiyar daga cinyarsa. Na rufe idona na shafa ta. Sama da ƙasa duk ɗaya ne, santsi ko'ina, sai tudun kyamarar nan kaɗai ke gaya wa yatsa inda kai yake. Duk abin da na karanta a makon nan game da ita, babu wanda ya yi maganar wannan.

"Kawo hannunka," na ce.

Ya miƙo.

"Ka ji tudun nan? Kullum ya kasance a sama, yana kallon gabanka, ba kai ba. Kada yatsanka ya hau kansa."

"Na ji shi."

"A gefen dama akwai madanni biyu, dogo da gajere. Gajeren za ka danna sau biyu da sauri, kyamara za ta buɗe. Ba sai ka taɓa gilas ba."

Ya danna sau ɗaya, ya jira, ya sake dannawa.

"Da sauri, Baba. Kamar ƙwanƙwasa ƙofa."

Ya sake. Wayar ta ɗan girgiza a hannunsa.

"Ta motsa."

"Ta buɗe ke nan. Yanzu dogon. Idan ka ji ƙas, ta ɗauka."

Ya ɗaga ta sama da kansa, kamar yadda zai yi a cikin taro, ya danna. Ta ce ƙas. Na karɓa na duba. Rabin fanka ne da kusurwar rufi, amma sun fito tas, har ƙurar da ke bakin fankar.

"Mi na ɗauka?"

"Fanka."

"Ta fito?"

"Ta fito."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban ji daga gare shi ba tun ina yaro.

"Ka amince ke nan."

"Ban ce ba. Waya nake nuna maka."

Badaruddeen ya yi gyaran murya a waje kafin ya turo ƙofar. Ya dawo da baƙar riga ta roba mai kaushi, irin wadda ba ta zamewa a hannu. Bai dubi kowa ba.

"Wacce aka tsayar?"

"Shuɗiyar," in ji Baba.

"An gama. Zan haɗa da abin ajiyar caji, tunda batirinta ba ya kai na waccan. Baba, a aljihun bel ɗin harami za ka riƙa sa ta, ba a hannu ba."

Ya cire sim daga tsohuwar, ya yanke shi ya yi daidai, ya saka a sabuwar. Ya kwashe lambobi, ya ɗora yatsan Baba a gefen wayar har ta gane shi, ya ƙara sauti zuwa ƙarshe ba tare da an ce ya yi ba. Duk wannan aikin bai yi wasa ko ɗaya ba, kuma Baba ya lura.

"Ɗan nan, ka yi shiru. Ko ka fasa haƙorin?"

"Ina nan a kan bakana, Baba."

Na tura wa Yaya saƙo cewa an gama, domin ya ce in sanar da shi da zarar an buɗe ta. Ban kai ga mayar da tawa aljihu ba sai sabuwar ta ɗauki ƙara a hannun Baba, ƙara mai cika shago.

"Wane ne?"

"Yaya ne. Kiran bidiyo."

Baba ya gyara zama, ya taɓa hularsa. Ya laluba tudun kyamara ya mai da shi sama, kamar yadda na koya masa. Na miƙa yatsa na amsa masa.

Hoton ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa, sannan ya daidaita. Fuskar Yaya ta cika gilas ɗin.

"Baba, ina wuni. An shiga zamani ke nan."

"Lafiya lau. Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi. Wagga aba ai har ta fi talabijin." Baba yana murmushi yana kallon wajen da muryar ke fitowa. "Ya mutanen Kaduna? Ya zafin garin naku?"

Yaya ya ja wayarsa baya a hankali har abin da ke bayansa ya shigo.

Ba ofishinsa ba ne, ba falonsa ba ne. Katangar tsakar gidanmu ce ta Wurma, da rumbun Baba, da igiyar shanya. A kan tabarma, a gefen rumbun, Inna ce zaune, ta ja mayafi har goshi, kanta a ƙasa. Kusa da ƙafarta akwai wata ƙaramar kwalba mai farin murfi, irin ta maganin ɗigawa a ido.

Shuɗiyar ta nuna komai sarai.

"Baba," in ji Yaya, muryarsa a kwance, "kana ganina da kyau?"

"Sarai nake ganin ka."

"To faɗa mini inda nake zaune."

Murmushin bai bar fuskar Baba ba. Hannunsa na hagu ne ya sauko ƙasa da tebur, inda kyamara ba ta kaiwa, ya sami gwiwata ya matsa. Ya saki, ya sake matsawa.

Kalma ɗaya yake so in raɗa masa. Na san ta, kuma kunnensa bai fi taki guda daga bakina ba. Na ji kaina yana sunkuyawa wajensa tun ban gama yanke shawara ba.

"Mas'ud," in ji Yaya. "Ina ganin ka. Matsa daga jikinsa."